Ruwan Rijiyar Gidanmu a Cikin Bincikena

Assalamu alaikum Admin da 'yan wannan zaure. Don Allah a saka min wannan ba tare da sunana ba, kuma wanda zai yi magana ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna, don na san wasunku daga layi na uku suke fara yanke hukunci. Shawara nake nema. Zagi kuwa na riga na yi wa kaina wanda ya ishe ni.

Ni mace ce, matar aure, 'ya'yana biyu, muna zaune a Unguwar Gano, gidan iyayena kuma yana Gyaɗi-Gyaɗi. Ina koyar da kimiyya a wata sakandare, sannan ina digiri na uku a fannin kemistiri, shekarata ta shida ke nan ina fama. Ranar Alhamis mai zuwa zan tsaya a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, a gaban malamin da yake duba bincikena in maimaita wani aiki, kuma na san aikin ba zai yiwu ba sai in na yi ha'inci. Abin da ya kawo ni ke nan.

Bari in yi bayanin aikin a taƙaice don a gane. Kun san ɗan siririn gilashin nan da ake ɗiga jini a kai a asibiti? Irinsa muke amfani da shi. Sai a wanke shi tas, a haɗa ruwan sinadarai a cikin kofin gilashi, nawa na jan ƙarfe ne da farar wuta, a rataya gilashin a ciki a bar shi na wasu awanni. In an yi sa'a sai wani launi ya kwanta a jikinsa, siriri ƙwarai, fatar albasa ma ta fi shi kauri nesa ba kusa ba. Wannan shimfiɗar ita ce duk binciken. Ana so ta bar haske ya ratsa, kuma ta ɗauki lantarki, saboda irinta ake nema a farantin sola mai araha. Dokar farko da ake koya wa kowa a wannan aiki ita ce ruwa. Ba a amfani da ruwan famfo, ba a amfani da fiya wata, sai ruwan da injin lab ya tace, wanda babu gishiri ko ƙarfe ko komai a cikinsa, muna ce masa distil. Ni kaina ina koya wa ɗalibaina wannan a aji.

Shekara biyu na yi ina tsoma gilashi ina fitarwa, ba abin arziki. Wani ya fito dabbare-dabbare kamar bangon da ruwa ya ci, wani ya yi kyau a ido amma da an taɓa shi sai shimfiɗar ta ɓare. Malamina, zan kira shi Farfesa kawai, dattijo ne da ya kusa ritaya, mutum mai haƙuri da tsantseni. Bai taɓa ɗaga min murya ba. Sai ya ɗaga gilashin ya duba a hasken taga, ya ce, “'Yata, a sake.” Wallahi akwai lokacin da na fi son ya zage ni a kan wannan a sake ɗin.

Sai aka shiga dogon yajin aiki, aka rufe makaranta. Tun kafin nan ma injin tace ruwanmu ya lalace. Da izinin Farfesa na kwaso kofunana da sinadaran da ba su da haɗari sosai, tunda aikin ba ya buƙatar wuta mai yawa, na ce zan ci gaba a gida. A gidana ba zai yiwu ba saboda yara, ƙaramar komai ta gani sai ta kai baki. Sai na kai kayan gidan Baba a Gyaɗi-Gyaɗi, ɗakin mahaifiyata da yake a rufe tun rasuwarta. Baba ya sa aka share, ya kawo min teburi, yana ta murna wai jami'a ta tare a gidansa.

Wata Asabar na gama auna komai, na wanke gilasai, na ɗauko jarkar distil sai na ji ta sakayau. Ashe murfin bai rufu ba, ta kife a bayan ƙofa, duk ya tsiyaye. Wurin da nake saye a rufe yake sai Litinin, ni kuma Litinin ina aji, ga shi na bar yara wajen maƙwabciya na ce mata awa uku. Raina ya ɓaci, na zauna na yi tagumi. Sai idona ya kai kan rijiyar tsakar gidanmu. Na san bai halatta ba. Kada wani ya ce min kuskure ne na rashin sani, na sani sarai cewa tafasa ruwa ba ya cire gishirin da ke cikinsa. Amma na ce a raina, shekara biyu ina bin doka ba abin da na samu, wannan ma ai lalacewa zai yi, gara in yi in rage zafi. Na ja guga ɗaya, na tafasa a tukunyar Baba, na tace da takardar tacewa, na haɗa, na rataya gilasan na tafi ɗauko yara.

Da na dawo na ciro gilasan sai na tsaya kawai ina kallo. Launin ruwan zuma, sumul, daga sama har ƙasa ba tabo. Na goga da auduga bai ɓare ba. Na sake yi washegari da ruwan rijiyar, haka. A cikin wata guda na yi guda ashirin da huɗu, na jera su a akwatinsu, na manna wa kowanne lamba. A lokacin na ɗauka hannuna ne ya faɗa, ko yanayin ɗakin, ko addu'ar Baba. Maganar ruwan tana ɗan taɓa min zuciya, sai in kawar da ita.

Da aka koma makaranta na kai wa Farfesa. Ya ɗaga ɗaya a hasken taga kamar yadda ya saba, sannan ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Mu ba mu da manyan injinan auna irin wannan abu, sai aka aika da su wani lab a ƙasar waje inda yake da aboki. Wata huɗu muna jira. Ranar da sakamako ya zo ina tsakiyar aji Farfesa ya kira ni, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce shimfiɗar tana ɗaukar lantarki fiye da duk abin da ya taɓa gani an samu ta wannan hanya mai sauƙi, ya ce shekara talatin yana jiran ɗalibin da zai kawo masa irin wannan. A nan ya kamata in ce, Farfesa akwai wata magana. Bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne Alhamdu lillahi.

Muka rubuta maƙala. Sashen da ake bayanin yadda aka yi aiki, na kwafo shi daga tsohon tsarin bincikena, kuma a ciki akwai layi ɗaya da ya ce duk an yi amfani da distil. Na ga layin. Na karanta shi ya fi sau goma, na bar shi. Aka buga a wata mujalla ta waje da sunana a farko, nasa a ƙarshe. Farfesa ya je taro ya yi jawabi a kai. Baba kuwa ba wanda bai gaya wa ba a masallacin unguwa, har mai shayi ya fara ce min Dakta.

Matsala ta fara ne da aka gyara injin lab, Farfesa ya ce in ƙara yin wasu don babi na ƙarshe. Na yi da distil, komai daidai da yadda na rubuta. Dabbare-dabbare. Na sake, ya ɓare. Na canza sinadarai, na canza gilashi, na koma ɗakin mahaifiyata da distil ɗin ko ɗakin ne, duk a banza. A nan na tabbatar wa kaina abin da nake gudu: wani abu ne a cikin ruwan rijiyar nan yake gyara aikin, kuma ban san ko mene ne ba.

Za ku ce to ki koma ki ɗebo mana. Rijiyar babu ita. A daminar da ta biyo baya bakinta ya zabtare, gefe guda ya rufta har ya fara cin katanga. Yayyena suka taru suka ce a cike ta kafin ta ci rai, tunda ga bohol a maƙwabta. Aka zuba mata ɓaraguzai da ƙasa, aka ja katangar ciki, aka fitar da shago a wurin. Ina can ina fama da gyaran maƙala, ban ma zo ba sai da aka gama daɓe. Yanzu mai POS ne yake zaune a kan bincikena, da kujerarsa da lemarsa.

Abin da na yi bayan nan, a lokacin ko a gidanmu ba wanda ya sani. Na sayi ƙananan jarkoki, duk Asabar in tari adaidaita sahu in bi gidajen da suke da rijiya. Na fara da maƙwabtanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, ina ganin ai jijiyar ruwa ɗaya ce. Na shiga Tarauni, na shiga Babban Giji, na dawo unguwarmu. In yi sallama in ce daga jami'a nake, muna gwajin tsaftar ruwa, ƙarya a kan ƙarya. Wata tsohuwa a Babban Giji ta kalle ni da jarka ta ce, “'Yar nan, in malami ne ya ce ki haɗo ruwan rijiya bakwai, ki faɗa min gaskiya, ni ma na taɓa yi.” Na yi dariya, na fito na samu gindin wata bishiya na yi kuka. Rijiya goma sha tara na gwada. Guda biyu sun ɗan yi kama, amma ko kusa ba su kai ba.

Akwai ma'aikacin lab ɗinmu, zan ce masa Mista Emma, mutumin kudu ne amma a Tarauni aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa. Shi yake kula da injina da sinadarai, kuma ba abin da yake wuce shi. Wata rana ina wanke kofuna ya tsaya a bayana ya ce, “Madam, lokacin da kika yi samfuran nan masu kyau injina a mace yake. Wane ruwa kika samu?” Na ce saya na yi a gari. Ya gyaɗa kai ya ce to. Har ya kai ƙofa ya juyo ya ce shi ba zai kai maganar kowa ko'ina ba, amma in Farfesa ya tambaye shi ba zai yi masa ƙarya ba, shekara ashirin suna tare. Tun ranar in na hango shi sai in canza hanya.

Sai ga wasiƙa daga waje. Wasu masu bincike sun bi maƙalarmu layi-layi har sau da yawa ba su samu abin da muka samu ba, suka rubuto wa mujallar, mujallar ta rubuto wa Farfesa tana neman bayani. Ya kira ni ofis, ya nuna min. Na zaci zai tuhume ni, na ma shirya in faɗi komai in ya matsa. Bai matsa ba. Haushinsu yake ji. Ya ce raini ne kawai, don sun ga aikin daga nan ya fito shi ya sa, in da daga wajensu ne ba wanda zai ce uffan. Ya juyo min da kwamfutarsa ya nuna min amsar da ya riga ya tura. A ciki ya rubuta cewa ya san ɗalibarsa shekara shida, ya yarda da aikinta kamar yadda ya yarda da nasa, kuma za a maimaita gwajin a gaban idonsa a aika musu da sababbin samfura. Ya ce, “'Yata, Alhamis ta sama ki zo da wuri. Ni da kaina zan tsaya, mu rufe musu baki.” Na ce to, na fito.

Daga nan gidan Baba na wuce, ban iya zuwa gidana ba. Na same shi a tsakar gida yana sauraron rediyo. Na zauna a gefen tabarmarsa ina kallon bangon shagon nan, sai hawaye. Ya kashe rediyon ya ce, “Uwata, lafiya?” Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ban gaya masa duka ba, na dai ce Baba da rijiyar nan tana nan da ta fitar da ni daga wata masifa, ruwanta nake nema ido rufe. Ya tashi ya shiga ɗakinsa, na ji yana jan akwati. Ya fito da wata ƙaramar robar ruwa an naɗe ta a tsohon ɗankwalin mahaifiyata. Ya ce ranar da za a cike rijiyar, kafin masu aiki su iso, ya ja guga na ƙarshe ya ɗura wannan. A shekarar da ya auri mahaifiyarmu aka haƙa ta, kuma har ta rasu ba ta yarda ta sha wani ruwa in ba shi ba. Ya ce ba wanda ya sani, kada yayyena su ce tsufa ya fara taɓa shi. Ya miƙo min ya ce, “In zai yi miki amfani ki tafi da shi. Ajiyar me zan yi masa in kina kuka?” Ko tambayata bai yi ba me zan yi da shi.

To ga inda nake. Ruwan nan bai fi rabin lita ba. Zai isa haɗi ɗaya, ko kuma ya isa a kai shi a bincika a gano abin da ke cikinsa, amma ba zai ishi biyun ba.

Mijina na gaya masa komai a makon nan, kuma mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Da farko ya yi fushi don na ɓoye masa, ya ce ashe duk yawon Asabar ɗin nan da nake cewa lab ne, gidajen mutane nake bi da jarka. Da ya huce sai ya ce abin ai mai sauƙi ne, in juye ruwan a kwalbar lab in shiga da shi a jaka, in yi haɗin, samfura su yi kyau, Turawa su yi shiru, in kare kundina in karɓi takardata, daga baya in nemi gafarar Allah. Ya ce shekara shida yana dawowa daga kasuwa ya tarar da yara a maƙwabta, bai taɓa ƙorafi ba, ba zai zuba ido in watsar da komai saboda layi ɗaya ba. Na ce masa daga ranar da ruwan ya ƙare fa? Duk wanda ya sake gwadawa zai kasa, kuma wannan karon Farfesa ne ya sa hannu ya ce a gabansa aka yi. Ya ce lokacin ya yi ritaya. Na ce sunansa ai ba ya ritaya. Ya ce to in zaɓa tsakanin sunan wani da gidana. Kwana uku ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu.

In kuma na ɗauki robar na ajiye a teburin Farfesa na faɗi gaskiya, na san abin da zai biyo baya. Za a janye maƙalar, kuma rabin kundina a kanta yake zaune. Za a kafa kwamiti, a rubuta cewa na ba da bayanin ƙarya, mai yiwuwa a kore ni, ko a ce in koma farko, ni kuma ba ni da wata shekara shidan. Dattijon nan zai sake rubuta wa mutanen da ya yi wa tsawa ya ce ku yi haƙuri, ku ne da gaskiya. Wata ƙawata ta ce ai wataƙila in an bincika ruwan a gano wani sabon abu da ya fi na farko, in zama gwarzuwa. Wataƙila. Amma ruwan ya shekara fiye da ɗaya a roba a ƙarƙashin akwati, ban san ko abin da ke cikinsa yana nan yadda yake ba. Zai iya yiwuwa in tona wa kaina asiri a bincika a ga ba komai. Zai iya yiwuwa kuma in yi ha'incin ranar Alhamis gilashin ya fito dabbare-dabbare, in rasa gaskiyar in rasa ruwan Baba.

Gaskiya ban ga hanyar da zan fita da mutuncina ba. Na yi istihara, na kasa gane komai saboda tsoro ya cika min zuciya. Abinci ba ya shiga. Jiya a aji ina koya wa yara bambancin ruwa mai tsafta da ruwa tsantsa, sai na kasa ci gaba, na ce su buɗe littafi su karanta da kansu.

Don Allah ku ba ni shawara, musamman waɗanda suka san harkar jami'a. In na faɗa da bakina kafin a kama ni, akwai sassauci ko duk hukuncin ɗaya ne? In faɗa masa shi kaɗai a gida, ko in rubuta? Ko in bi maganar mijina in rufe ido sau ɗaya? Masu cewa gaskiya dai gaskiya dai, na ji, amma ku gaya min da wane baki zan fara, kuma me zan ce wa Baba in ya tambaye ni ko ruwan ya yi amfani.

Robar tana kan durowata a cikin ɗankwalin, ban kwance ta ba. Ɗazu da la'asar Farfesa ya turo min saƙo. Ya ce in kwantar da hankalina, ya sa Mista Emma ya wanke injin ya tace sabon distil jarka guda, ya kulle a ofishinsa, don kada in sha wahalar neman ruwa ranar Alhamis. Har yanzu ban ba shi amsa ba.